Yadda ake ƙulla labarin wasan dandamali har mutane su ƙi tashi

Duk wanda ke zuwa kallon diramar makarantu a garin nan na Zariya, ko ta ranar yaye ɗalibai ce ko ta makon Hausa ko wadda samarin unguwa ke haɗawa bayan sallah, ya san inda abun ke lalacewa. Ba wai 'yan wasan ba su iya ba ne, wallahi akwai yara a Tudun Wada da Samaru da in suka hau dandamali sai ka riƙe ciki don dariya, matsalar ita ce labarin ba a ƙulle yake ba. Za ka ga an fito an yi faɗan kishiyoyi an shiga, an fito an nuna boka yana surkulle an shiga, an fito ɗan ƙauye ya zo birni ya yi shirme, can da lokaci ya ƙure sai wani mai rawani ya fito ya yi wa'azin minti goma, a tafa kowa ya kama gabansa. In ka tare mutum a bakin ƙofa ka ce me ya faru a wasan, sai ya ce maka ai an sha dariya. Shikenan.

Abun da ya ɓace a nan shi ne abun da malaman adabi ke kira zubi da tsari. Labari daban, zubinsa daban. Labari shi ne duk abun da ya faru tun daga tushe, wane ya auri wance, yaushe gaba ta fara, wa ya ci bashin wa. Zubi kuwa ɗan abun da ka tsinto ne daga ciki ka ce wannan za a gani da ido, wannan a bakin wani za a ji shi, wannan kuma ɓoye shi zan yi sai can gaba. Aristotle, masanin nan na Girka da ya rayu a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce wasa sai da farko da tsakiya da ƙarshe, mutum ya ji ya ce wannan ai ko ɗan firamare ya sani, amma ba jeri kawai yake nufi ba, nufinsa tsakiyar wani abu ne ya haife ta kuma ita ma dole ta haifi wani, ƙarshen kuma shi ne inda babu sauran abun jira. Saboda haka in ka ɗauki fitowa biyu da ke bin juna a wasanka ka tambayi kanka, ta farkon ce ta jawo ta biyun, ko kuwa riga ta zuwa kawai ta yi? In rigaye ne kawai to ba ka fara aiki ba tukuna.

Masu ɗinkin babbar riga a cikin birni ba sa ɗaukar allura sai mai zane ya gama fitar da aska a jikin yadin, to kai ma kar ka rubuta ko sallamar farko sai ka zana wasan gaba ɗaya a takarda guda. Abubuwan da za ka fara rubutawa ba su da yawa. Wane ne mai wasan, me yake so ido rufe, me ya tare shi, me zai rasa in bai samu ba, kuma yaushe lokaci zai ƙure masa. Wannan na ƙarshen mutanenmu suna yawan mantawa da shi, alhali shi ke sa ɗan kallo ya gyara zama.

Bari mu ƙirƙiri wani wasa mu bi shi tare, don bayani a iska ba ya zama. A ce akwai Inna Asabe, uwar adashe a wata unguwa wajen Ƙofar Doka, mata 12 ke zubi a wurinta, kowacce naira dubu 5 duk sati, ana kwasa ƙarshen wata, ta daɗe tana riƙo ba a taɓa jin ko kwabo ya yi ciwon kai a hannunta ba. Ɗanta na fari Sani yana jan Keke Napep ɗin wani, ya je ya yi karo a Kwangila, mai keken ya ce ko a biya gyara ko a kwana a ofishin 'yan sanda. Asabe ta ɗebi dubu 150 cikin kuɗin mata ta biya ba tare da mijinta Malam Garba ya sani ba, da tunanin ƙaninta zai turo mata in ya sayar da masara kafin ƙarshen wata. A gidan akwai Hauwa, 'yar marigayiya kishiyarta da take riƙo, wadda uwarta ta bar mata sarkar gwal a hannun Asabe sai ranar aurenta. Sai Talatu mai kwasar wannan watan da za ta aurar da 'yarta Bilki, da Ladidi maƙwabciya mai ido a kan komai, da dillaliya. Mutum bakwai, tsakar gida ɗaya. Ya isa.

Yanzu a ina za a ɗaga labule? Sabon marubuci zai so ya fara da ranar da Sani ya karɓi keke, ya nuna murna, ya nuna hatsarin, ya nuna kuka a ofishin 'yan sanda, kaga an ci rabin awa ba a zo kan maganar ba, ga shi kuma ba ka da yadda za ka yi karon mota a kan dandamalin da benci huɗu aka haɗa aka yi shi. Ka fara a makare. Ranar Laraba da safe, kuɗi sun riga sun tafi, Asabe na tsince wake a tsakar gida. Duk abun da ya wuce za mu ji shi ne a hankali, kuma ba ta hanyar mutum biyu su zauna suna faɗa wa juna abun da dukansu suka sani ba, irin "kamar yadda kika sani ni ne mijinki shekara ashirin", wannan ba wanda ke magana haka a duniya. Bayani yana shiga ne sumul in ana jayayya ko ana roƙo, dubi nan:

HAUWA: Inna, dan Allah ranar kamun Bilki ki ba ni sarkar Umma in sa, sau ɗaya kawai.
ASABE: Wadda ƙugiyarta ta karye na ɗaure da baƙin zare? Ki bari sai ranar naki.
HAUWA: Kullum haka kike cewa.
ASABE: To amana ce, ba kayan yawon biki ba. Tashi ki duba min wuta.

Layi huɗu kacal, amma mun san Hauwa marainiya ce, mun san akwai sarka, mun san akwai biki a unguwa, mun ji Asabe da bakinta ta ce amana, kuma an dasa mana baƙin zare a kai ba mu sani ba. Riƙe zaren nan, za mu dawo kansa.

Cikin minti biyar zuwa goma na farko dole wani abu ya faɗo ya ɓata lissafin mai wasan, in ba haka ba waɗanda ke baya za su fara hira. A namu sallamar Talatu ce.

TALATU: Yaya Asabe, dangin ango sun matso da rana. Dan Allah abun da ya taru ki ba ni ranar Juma'a, ko abun wuya ban saya wa yarinyar nan ba.
ASABE: Juma'ar nan ta jibi?
TALATU: Ita fa. Ko da matsala ne?
ASABE: Haba, wace irin matsala. Allah Ya kai mu.

Daga wannan "Allah Ya kai mu" wasa ya tashi, don yanzu kowa a zauren yana ɗauke da tambaya guda, shin za ta haɗa kuɗin nan kafin Juma'a asirinta a rufe? Wannan tambayar ita ce wasan. Duk fitowar da ba ta matsar da ita gaba ko ta ƙara mata nauyi ba, komai daɗinta, cire ta. Kuma ranar da aka amsa ta wasa ya ƙare, ko kana da sauran shafi goma.

Tsakiya ita ce inda yawancin wasanni ke mutuwa, kuma dalilin ɗaya ne, ana maimaita abu iri ɗaya da ƙarfi iri ɗaya. Ta roƙi wance ta hana, ta roƙi wane ya hana, ta roƙi wata ta hana, to ai ɗan kallo ya gane tun a ta farko. Abun da ake so kowane yunƙuri ya fi na baya tsada, kuma faɗuwar na farko ce za ta tura ta ga na biyu. Da farko ta kira ƙaninta a waya, ya ce masara ta faɗi ba zai sayar yanzu ba, wannan bai ci mata komai ba sai kati. Saboda ƙofar nan ta rufe ta tafi wurin Ladidi rance da wata 'yar ƙarya, Ladidi ta hana kuma ta fara tambayar kanta me uwar adashe ke yi da rance ana jibi kwasa, kaga yanzu ban da rashin kuɗi an samu mai sa ido. Saboda Ladidi ta fara shinshina, Asabe ta ga ba ta da sauran lokaci, daren Laraba ta buɗe akwati ta ɗauko sarkar marainiya ta ba dillaliya a ɓoye. Ta rufe amana ɗaya da cin wata amanar da ta fi ta girma. Lura da kyau, ba ƙaddara ce ke ta faɗo mata daga sama ba, ita ke zaɓa da hannunta, kuma kowane zaɓi muna gane dalilinsa har muna cewa da mu ne ma ƙila haka za mu yi. In tauraronka zaune yake kawai ana yi masa abubuwa yana kuka, tausayi za a ji na minti biyar sannan a gaji da shi.

Wanda ke adawa da shi ma kar ka mai da shi shaiɗan. Talatu ba muguwa ba ce, kuɗinta take nema, 'yarta za ta aurar. Malam Garba da ya rantse tun a fitowa ta biyu cewa duk wanda ya ɗauki abun wani a gidansa sai ya bar gidan, shi ma yana da gaskiyarsa. Wasan da kowa ke da hujja ya fi wasan mugu da salihi riƙe mutane nesa ba kusa ba, don ɗan kallo ya rasa bayan wa zai bi.

Wani abu da nake ganin mun fi kowa sa'a a kansa shi ne gidan Bahaushe kansa, an riga an gina mana shi kamar don dirama. Ga zaure inda baƙo namiji ke tsayawa, ga tsakar gida, ga ɗakuna masu labule da mutum zai tsaya a bayansu ya ji komai, ga katanga da maƙwabciya ke leƙowa. Sallama kaɗai makami ce, tsakanin "salamu alaikum" daga zaure da shigowar mai sallamar akwai 'yan daƙiƙoƙi da za a tura abu ƙarƙashin tabarma, a share hawaye, a sake fuska, kuma 'yan kallo na ganin duk wannan. Ga kunya, Asabe ba za ta kama sunan ɗan fari ba, ba za ta tsaya ta kare shi a gaban mutane ba, to ranar da ta yi hakan kowa zai san abu ya kai inda ya kai ba sai an faɗa ba. Ba banza ba ne da aka tashi gina gidan wasan jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a 1976 aka yi shi da ƙasa a fasalin gidan gargajiya, ɗakuna kewaye da fili, wani Ba'amurke mai zanen gine-gine Steven Ehrlich ne ya zana shi, lokacin Michael Etherton na jagorantar karatun dirama da aka fara a 1975. Saboda haka tun kana zana labarin ka zana ƙofofin, wa ke shigowa ta ina, wa ke fita, wa bai kamata su haɗu ba. A dandamali shiga da fita su ne rabin zubin. Kuma kowa ya shigo da dalili ya fita da dalili, ba wai don marubuci ya gama da shi ba sai ya ce bari in je in dawo.

Sai maganar wa ya san me. Wannan ka yi masa jadawali ma in ka ga dama. Masu farawa suna son ɓoye wa 'yan kallo komai don a ba su mamaki a ƙarshe, amma mamaki na daƙiƙa goma ne, fargaba kuwa tana iya ɗaukar minti arba'in. In mun ga Asabe ta ba da sarkar da idonmu, to duk lokacin da Hauwa ta doshi akwatin nan sai zauren ya yi tsit, in ta ce Inna ina makulli sai ka ji mata a cikin 'yan kallo suna salati. Ka bar mutane su riga 'yan wasan sani da taki ɗaya, amma ka riƙe abu guda da ba su hango ba.

A namu abun da aka riƙe shi ne inda sarkar ta nufa. Dillaliya aikinta ta san gidan da ake biki, ina za ta kai sarkar gwal in ba gidan uwar amarya ba? Talatu ta gani ta yaba, ta ce a bar mata, ranar Juma'a in ta kwashi adashe za ta biya. Kaga yadda abun ya naɗe, Asabe na jiran kuɗin dillaliya ta biya Talatu, Talatu na jiran kuɗin Asabe ta biya dillaliya. Dabarar da ta yi don ta tsira ita ce za ta kama ta. Wannan juyin Girkawa sun daɗe da saninsa, a wasan Sofokilis na sarki Oedipus ɗan aike ya zo da niyyar kwantar wa sarki hankali, bayanin da ya yi don kwantar da hankalin shi ya tona komai. Kuma ka lura ba katari ba ne, halin dillaliya da buƙatar Talatu da muka ji tun farko su suka haifar da shi. In sai ka ce "kwatsam" kafin abu ya yiwu a wasanka, koma baya ka dasa masa dalili.

Dashen nan shi ne baƙin zaren. Chekhov, marubucin Rasha da ya rasu a 1904, an san shi da shawarar cewa in ka rataye bindiga a bango a farkon wasa to dole a harba ta kafin a tashi, in ba za a harba ba kar a rataye. Ta ɗaya gefen ma haka ne, abun da zai yi aiki a ƙarshe dole an gan shi tun farko. Ni dai a ganina sau biyu ya isa kafin ranar aikinsa, sau ɗaya a baki cikin wata magana daban, sau ɗaya a ido lokacin da take miƙa wa dillaliya, dillaliya ta ce wannan zaren fa, ta ce bar shi haka nan sauri nake. Kuma tunda dandamali ba kyamara da za ta matso ta nuna zare, dole baki ya faɗa, na layin baya ba ya ganin abun da ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta.

Waɗanda suka yi adabi a aji za su tuna zanen dalar nan ta Gustav Freytag, Bajamushen da ya fitar da ita a 1863, matakai biyar, gabatarwa, hawa, ƙololuwa, gangara, sai warwara. Tana da amfani amma kar ka bauta mata, shi wasannin Girka da na Shakespeare masu kashi biyar yake dubawa shi ya sa ƙololuwarsa ke tsakiya, gangarar ta yi tsawo. Wasan awa ɗaya a zauren makaranta in ka sa ƙololuwa a tsakiya rabin mutane sun tafi sallar la'asar ba za su dawo ba. Tura ta can kusa da ƙarshe, hawan ya yi tsawo, gangarar ta zama 'yar gajeruwa.

Ƙololuwa kuma ba ita ce inda aka fi ihu ba, nan ma ana yawan ruɗewa, a ɗauka in an kwashi 'yan kallo da mari da faɗuwa ƙasa an kai ƙarshe. Ita ce inda mai wasan ya rasa wurin gudu dole ya zaɓi ɗaya cikin biyu, kuma kowanne da ciwo. Juma'a bayan an sauko masallaci, mata sun taru a tsakar gida, Talatu ta kwance bakin zaninta ta fito da sarka ta ce Yaya duba min, ta kai kuɗin da dillaliya ta faɗa? Hauwa na kawo ruwa, ta tsaya, ta ce wannan zaren Inna ce ta ɗaura shi. Ladidi ta ce to a fito da kuɗin adashe mu gani. Ana cikin haka Malam ya yi gyaran murya daga zaure. Sani ya durƙusa ya ce Baba ni na ɗauka, duka ni ne. Yanzu fa, in Asabe ta yi shiru ta tsira da sunanta, ɗanta ya bar gida da sunan ɓarawo, in ta yi magana mutuncin da ta tara tun tana amarya ya zube a gaban matan unguwa. Duk abun da ka gina tun tsince wake don wannan shirun ka gina shi, to ka bar shi ya yi tsawo, kar darakta ya ji tsoron shiru. Me za ta zaɓa, wannan naka ne, kuma a nan jigonka yake, wato saƙon wasan, ba a bakin mai wa'azi ba. In ta buɗe baki ta kira sunan yaron a karon farko ta ce tashi, ba kai ba ne, to ka faɗi duk abun da kake son faɗi a kan amana da haihuwa ba tare da ka ambaci ko ɗaya ba.

Abun da zan roƙe ka kar ka yi shi ne ka kawo wani daga waje ya warware. A tsohuwar Girka suna da wani abun ɗaga kaya mai igiya da ake sauko da ɗan wasa da shi a matsayin abun bautarsu ya zo ya raba gardama in labari ya cije, tun a lokacin Aristotle ya soki wannan, ya ce warwara daga cikin labarin ya kamata ta fito. Namu na yau su ne Alhajin da ya dawo daga Saudiyya da jaka, da ɗan sandan da ba a taɓa gani ba sai fitowar ƙarshe, da mai unguwa, da kuma wanda ya fi ba ni haushi, a farka a ce ashe mafarki ne. In ƙanin Asabe ya turo kuɗi ana saura minti biyu ka cuci mutanen da suka zauna awa guda cikin zafi.

Bayan ƙololuwa kar ka daɗe. Nuna mana abun da ya canza kawai, littafin adashe ya koma hannun Ladidi, Talatu ta sa sarka a tafin Hauwa, bikin Bilki za a yi shi da abun da ya samu, a ja labule. Minti uku zuwa biyar.

Rabon kashi da fitowa ba wani abun wahala ba ne in zanen ya fita. In ka duba littattafan wasan Hausa da kamfanin buga littattafai na Arewa, NNPC, ya buga nan Zariya za ka ga yawanci haka aka raba su, kashi babba, fitowa ƙanana a cikinsa. Namu kashi uku ne da kansa, Laraba, Alhamis, Juma'a. Ƙa'idar kawai kowane kashi ya rufe a kan abun da zai hana mutum fita sayen gyaɗa, na farko ya rufe tana miƙa sarka, na biyu ya rufe dillaliya na cewa an samu mai saye amma sai gobe za ta biya. Ka rage sauya wuri iya yinka, duk sauyin da sai an ɗauke kujeru an shigo da tabarma yana cinye zafin da ka tara, balle in wuta ta ɗauke ana neman mai tada janareta. Ɗabi'un fim ma ka ajiye su gefe, yanke nan a koma can, tuna baya, waƙa a lambu, a fim edita ke yin su cikin ƙiftawar ido, a dandamali mutum ne zai ruga bayan labule ya canza riga.

Barkwanci fa? A sa, mutanenmu ba sa yafe wasan da babu dariya, kuma tun daga tashe da 'yan kama muka gaji hakan. Amma a ba mai ban dariyar aiki a cikin labarin. Dillaliyar nan ita ce 'yar barkwancinmu, surutu, rantsuwa kan farashi, gulmar gidan da ta fito, ana dariya ana dariya amma ita ke ɗauke da abun da zai fashe. Haka in kana son ƙaramin labari a gefe, misali Sani na son wata kuma maganar hatsarin na iya ɓata masa, to dole ya zo ya haɗe da babban kafin ƙololuwa, in ba zai haɗe ba wasa na biyu ne, ajiye shi sai baɗi.

Akwai kuma wani zubin da Zariya ta yi suna a kansa, wanda malamai da ɗaliban dirama na jami'a suka riƙa kaiwa ƙauyuka irin su Soba da Bomo tun ƙarshen shekarun 1970, inda ake tattaro matsalar mutane daga bakinsu a gina wasa da ita, a yi shi a fili, sannan a buɗe tattaunawa da 'yan kallo. In irin wannan za ka yi, na wayar da kai, kana iya tsayar da wasan daidai kan shirun Asabe, wani ya fito ya ce jama'a me ya kamata ta yi. Amma kar ka ɗauka wannan ya sauƙaƙa maka, sai ma ya ƙara wuya, don in ƙullin bai ɗauru ba ba wanda zai ɗaga hannu, kowa ya riga ya san amsar da ake so ya faɗa.

In ka gama zanen, kafin rihazal, yanka takarda ƙanana ka rubuta kowace fitowa a guda, layi ɗaya, wa ya shigo yana son me, ya fita da me. Wadda ka kasa rubuta abun da ya canza a cikinta ka san matsayinta. Sannan ka zare guda ɗaya daga tsakiya ka karanta sauran, in labarin ya tafi lafiya ba tare da ita ba to dama ba ta da aiki, ka gwada musanya biyu, in ba abun da ya rushe to jere suke ba ƙulle ba. Daga nan ka tara 'yan wasan su karanta da baki a zaune, ka gayyato mutum biyu uku da ba su san labarin ba, kai kuma kar ka kalli takarda, su za ka kalla, ka sa alama a shafin da wani ya ciro waya. A ƙarshen kashi na farko ka tsayar ka tambaye su me suke jin zai faru. In suka ce ba su sani ba kuma ba su damu ba, gyaran a farko yake. In suka faɗi ƙarshen daidai tiryan-tiryan, ka yi saurin nuna hannunka, koma ka rage dashen. In kuwa suka kama gardama a tsakaninsu, wannan na cewa za ta faɗa wa Malam wancan na cewa ina, ba za ta iya ba, to ka raba wa kowa takardarsa a sa ranar fara rihazal.